Kujerar Gaba a Motar Uwaisu

Jama'a, yau da hantsi Uwaisu direba ya sauke ni a Daddara, ya rantse da girman Allah ba zan ƙara shiga motarsa ba. Laifina kawai na yi dariya.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Ni dai zuciyata ta daɗe tana lilo da ni. Wani mako in tashi kamar an naɗa ni sarauta, in rabar da kajin matata Hasiya ga maƙwabta. Wani mako in kulle ɗaki, ko sallama ba na amsawa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa a Katsina. Ba zan ci amanar magani ba, ya tsayar da lilon. Sai dai ya haɗa da komai ya tsayar. Ba fushi, ba murna, fuska kamar hoton katin zaɓe.

To, faɗuwar wani tashin wani. Kun san shingayen hanyar nan, waɗanda iyayen gidanmu masu kaki suka jera mana don tsabar ƙauna, har na wannan shinge yana jin tarin na wancan. Sana'arsu karanta fuska. Uwaisu ne ya fara gano cewa in ina kujerar gaba, Ranka-ya-daɗe ya leƙo ya ga mutum bai tsorata ba, bai yi fadanci ba, ko ƙiftawa bai yi ba, sai ya ɗauka wani ƙusa ne ya ɓad da kama. Nan take ya ƙame, ya janye itace. Shinkafar fasa-ƙwaurin da ke ƙarƙashin kujeru ta wuce da mutuncinta.

A tashar Magama direbobi na rububina, a gida ana kuka da ni. Ɗiyata Zulfa ta haihu, aka miƙo min jaririya, na riƙe ta kamar an ba ni ajiyar ƙullin gero. Hasiya ta dube ni ta ce, "Malam, mi munka yi maka? Ko hushi ne ka yi muna, mu san kana nan." Maganar ta dame ni, ko in ce na san ya kamata ta dame ni.

Maƙwabcina Yusha'u ya ce, "Watsar da ƙwayoyin nan, ka sha sassaƙe."

Na ce, "Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake." Na koma na kwashe komai na faɗa wa likita. Ya ce na kyauta da ban yanke maganin da kaina ba, ya ɗan rage, ya ce in yi haƙuri, abin sannu a hankali ne.

Yau muna isa shinge, Ranka-ya-daɗe ya leƙo, sai ga saƙon murya daga Zulfa a wayata. Na danna. Jaririyar nan ce take ƙyalƙyala dariya, irin ta marasa haƙori. Wani abu ya motsa min a ƙirji, wanda na ɗauka ya mutu. Na kece da dariya har da hawaye, ina dukan cinya.

Ranka-ya-daɗe ya ƙare min kallo, ya ce, "Au! Ashe talaka ne. Direba, faka, buɗe but."

Sauran labarin yana bakin Uwaisu, kuma ba ya rubutuwa a jarida. Ni kuwa na tako da ƙafa ina jin daɗi, ina jin kunya, ina jin haushin rana, duk a lokaci guda. Da na shiga gida ina masifar zafi, Hasiya ta rangaɗa guɗa.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Manyanmu masu jiniya kan wuce asibitin da rufinsa ya yaye, ga mata da marasa lafiya zube a ƙasa, fuskarsu ko gezau. Na san wannan fuskar, na yi yawo da ita. Duk wanda ya san likitansu, don Allah ya raɗa masa cewa maganin ya yi musu yawa.