Yadda Za Ka Zaɓi Sarkin Marina Ranar da Rini Ya Ƙi Kamawa

Rini ya ƙi kamawa, Sarkin Marina ya rasu, fataken Gwanja kuma za su tashi nan da kwana goma, zannuwansu na jibge farare a hannunku? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin shugaba kafin la'asar. Mun gwada a nan Sakkwato, gida talatin da ke ci daga ramukan rininmu shaida ne.

1. Duba hannu

Kowa ya miƙo tafinsa. Wanda shuni ya ci wa farce, cire shi. Shugaba da manya yake gaisawa, kada ya ɓata wa wani farar riga. Mu Hayatu muka samu, ɗan marigayin, wanda bai taɓa leƙa rami ba sai don ya ga fuskarsa.

2. Guji wanda ya san ciwon

Ba a rasa tsoho irin Malami, mai shekara arba'in a bakin rami. Zai tsoma yatsa ya lasa, ya ce, "Tokag ga anka gauraya da ƙasa. Ku kwashe ramu a sake zubi, kwana bakwai ya isa." Tuna cewa daga gidan su Hayatu ake kawo tokar. Yi murmushi, ka ce tsufa ne.

3. Nemo mai laifi

Shugaba nagari ba ya barin laifi ya kwana ba mai shi. Hayatu ya duba ya ce, "Lantana mai hura ta, idonta ba shi da kyawo." Muka hana ta bi ta marina. Rinin bai kama ba, furar ma muka rasa.

4. Yi ta zama

Ku zauna a zaure kuna shawara kan launin dokin da ya dace da sabon sarki. Mu kwana shida muka ba wannan, kuma ba mu yi gaggawa ba.

5. Naɗa shi

Al'ada ce a rina rawanin naɗi a raminku. Namu ya fito kamar tsumman goge tukunya. In haka ta faru, aika a ɓoye zuwa Wurno, inda Malami ya koma da muciyarsa ta motsa rini. Zai rina muku baƙi wuluk, ya haɗo da saƙo: "Ku gaishe min da Sarki. Hwatake ma suna gaishe shi, ga su nan ƙohwata da zannuwansu."

A kula

In ramukanku suka zama gidan kwaɗi, kada a kawo ƙarata wurin alƙali, shawara na bayar. Ni yanzu ruwa nake ɗauka daga gulbi. Shunin da na gada ya wanke tas daga hannuna, kuma wallahi yana min ciwo in kalle shi. Amma fa ya yi fes, in kuna neman shugaba.