Ranar da Na Ɗinke Bakin Lema

Shekarar fari, zamanin soja, ina tela a kasuwar Katako, wani anasara mai gasar tashi sama ya kawo lemar da yake tashi da ita in gyara 'yar yagewa. Na shimfiɗa ta, na ga gabanta duk kafofi a jere. Na ce, “Kai, mutanen nan ba su iya ɗinki ba!” Na ɗinke su tsaf, ban ko gaya masa ba. Ashe ta nan iska ke shiga.

Anasaran ya rugo daga kan tudu zai tashi, lema ta ƙi buɗewa, ya faɗo, ƙafafunsa biyu suka karye. Jandarmomi suka tsare ni kwana tara.

Har yau in damina ta makara, maƙwabcina Isa sai ya leƙo: “Malam, don Allah je ka farke sama, mun san aikinka ne.”