Na'urar Baba Andrawus Ta Ƙi Kallon Wata

"Lafiya lau, amarya. Ashe kin tuna kina da miji?"

Baba Andrawus, tsohon malamin lissafi a Kagoro, yana zaune a tsakar gida kusa da na'urar hangen taurari da ɗansa ya aiko masa daga Turai. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gidan. Jikarsa Doreen ce ta iso daga Kafanchan, rana na shirin faɗuwa.

"Wane miji? Mai haƙori uku? Me kuma ka lalata?"

"Ni? Na danna mata wata, sai ta juya tana leƙen ban-ɗakin maƙwabta."

"Halin mai ita ta ɗauko."

"Ji mara kunya! Ni da 'yan matan kwaya ke ɓata waƙa in na shiga coci."

"Tsoro ne, Kaka. Miƙo rimot ɗin."

Ta duba, ta kama haɓa. "Yau biyar ga watan goma, kai ka sa mata goma ga watan biyar. Agogonta ma ba daidai ba. Ga ƙafa ɗaya ta nutse a ƙasa. Yaya za ta san inda sama take?"

"Na'urar banza. Ni da ido na san taurari tun kafin a haifi ubanki."

"Idon da ya gaishe da turmi ran Lahadi?"

Ta gyara kwanan wata da agogo, ta tokare ƙafar da dutse. Da taurari suka fito ta saita bakin na'urar kan biyu masu haske. Sai ta tsaya.

"Kaka, sau uku ke nan ina zuwa gyara ta. Shekara talatin kana koyar da lissafi, kwanan wata ne zai gagare ka?"

Ya kau da kai wajen dutsen Kagoro.

"In ta gyaru, me zai kawo ki? Wa zan nuna wa?"

Doreen ta ɗaga rimot. Ta danna, na'urar ta yi ƙugi ta juya, ta tsaya cak a kan wata. Ta leƙa.

"Kai! Duk ramuka, sak kumatunka."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar zuma.

"Kin ci, 'yar nema. Ga sadakinki."

"Ya yi kaɗan. Ran Asabar zan zo karɓar ciko. Kuma ka bar ta a gyare."