Ranar Da Na Sa Mutum Ya Kalli Surukinsa

Ba a daɗe da ba mu jiha ba aka tura ni kwas na mako guda a Birnin Kebbi, kan yadda za a koya wa yara faɗin abin da ke ransu. Na fito da takardar shaida da girman kai, aka ce in je Argungu in koya wa malaman firamare.

Na saɓa babbar riga, na raba su biyu-biyu. Wani matashin malami ya faɗo gaban wani dattijon hedimasta.

"Dube shi cikin ido," na ce wa matashin. "Kira sunansa, ka faɗa masa abin da yake yi maka da ba ka so."

Matashin ya cire takalmi ya durƙusa. Na ɗauka ƙauyanci ne. Na kama haɓarsa na ɗaga, ina bayanin cewa irin wannan nauyin bakin muka zo kawarwa. Ya fizge ya fice, ko takalmin bai ɗauka ba.

Dattijon ya gyara hula. "Mallam, ɗiyata fa shika aure."

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ba a sake gayyata ta ba.

Labarin ya riga ni isa gida Gwadangaji. Shekara da shekaru ke nan, duk ranar da na durƙusa gaida surukina, sai ya jira mutane sun taru, ya ce, "A'a, Mallam, tashi. Dube ni cikin ido, kira sunana."