Sanarwar Rasuwar 'Yar Toka, Wadda Kawu Ya Yi wa Fiɗa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya cike sauran gurbinta, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa ranar Asabar ƙanin marigayiya matata ya zo gidana gaisuwa, kafin ya tafi kwamfutar 'yata ta rasu.

Laftof ce, muna kiranta 'Yar Toka. Ta shigo gidan nan a shekarar da 'yata ta samu gurbin karatun likita. Ni na je shago da ilimina, na karance duk abin da aka rubuta a kan irin wadda ta dace da ɗalibin likita. Matata kuwa, da ciwo ya riga ya fara cinta, kujera ta nema ta zauna, ta sa aka riƙa ɗora mata kwamfutocin a cinya ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki wadda ta fi rashin nauyi, don ta san kafaɗar da za ta yi ta hawa benen asibiti da ita. Na ce ba za ta kai ƙarshen karatu ba. Ta ce za ta kai. Muka bar musun a buɗe.

Marigayiya 'Yar Toka ta yi zaman haƙuri. Ta haddace ƙasusuwan ɗan Adam ba ta taɓa yi wa kowa gori ba, abin da ba zan iya faɗa a kan wasu ba. Ta sha shayi sau da dama ba da son ranta ba. Da tsufa ya zo, fankarta kan yi "fuuu" kamar mai hawa tudu, amma takan kai.

A cikinta akwai wani ɗan bidiyo da aka ɗauka a shagon, wajen gwada kyamara. Matata ce take gyara ɗankwali, ta kalli gefe inda nake jayayya da mai shago, ta ce, "Abban Likita, na zaɓa da kyau ko?" Ba mu da muryarta a ko'ina sai nan. 'Yata ba ta shiga jarrabawa sai ta kunna shi. Ta ƙarshe saura wata guda.

Jinyar 'Yar Toka ba ta yi tsawo ba, domin lafiyarta ƙalau sai da ta gamu da mai magani. Kawun yarinyar, wanda ake kira Injiniya saboda ya taɓa canza ƙwan fitila a gidan biki, ya ji nishin fankar, ya yanke cewa cuta ce. Ina banɗaki ya goge duk abin da ke cikinta don ta yi sauri. Da ba ta yi ba, ya buɗe cikinta da wuƙar yanka albasa. Ta yi "tas", ta fitar da hayaƙi siriri, ta cika. Masu gyara sun duba, sun yi mana ta'aziyya.

Ta bar caja mai naɗe da salatif, da jakar da matata ta ɗinka mata, da marainiya guda wadda ke karatu a waya yanzu.

Za a yi jana'iza ranar walimar kammala karatun 'yata, domin za ta ci jarrabawar nan ko don a ji kunya. Za a ajiye gawar a babban tebur, ciki a buɗe, wuƙar a gefenta. Kujerar da ke fuskantarta ta Injiniya ce, kuma shi zai yi jawabi. Ya daɗe yana shelar cewa ya kusa samun likitar basir kyauta a dangi. Ina sanar da shi cewa layin katin asibiti daga bakin ƙofa yake farawa.

Ba a buƙatar gudummawa, ba a karɓar shawara.

Amsar tambayar da matata ta yi mini a shago kuwa, na yi ta ajiyarta sai ranar walima, in kunna bidiyon a gaban jama'a in ba ta. Yanzu babu mai sake tambayata. Kin zaɓa da kyau, Maman Likita. Da an bar ta, da ta kai.