Zoɓon Faransa

Kwas na wata uku na taɓa yi a Yamai, na dawo Bauchi ina jin babu abin da ya shafi Faransa da zai gagare ni.

Ranar da Yaya Sani, wan matata, ya dawo daga Faris, muka taru a gidan surukaina a Ƙofar Wambai. Cikin tsarabarsa har da ruwan inabi marar sa maye, kwalba uku. Na gyara zama, na ce a bari masani ya fara ɗanɗanawa.

Na kurɓi ta farko, na ce ba ta nuna ba. Ta biyu na ce da dama-dama. Na yi musu bayani cewa ko daga gona ɗaya suka fito, kowace kwalba da halinta, kuma daɗewa ke ƙara mata daraja. Da na zo kan ta uku, sai na lumshe ido.

"Wannan ta sha shekaru," na ce. "Ku ji ɗan tsamin nan, har da ƙamshin kanumfari. Ƙasar Faransa kaɗai ke ba da irinsa."

Hajiya, surukata, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Ba ta dube ni ba, 'yarta ta yi wa magana: "Ki faɗa masa tun jiya aka shanye waccan. Zoɓona na ɗura a ciki."

Ga shi zoɓon ya yi daɗi, sai na ƙarasa kofina.

Har yau in na je gaisuwa, Yaya Sani kan leƙa cikin gida ya ce, "Hajiya, Bafaranshe ya iso. A kawo masa na bara."