Yadda Za Ka Gyara Insha'i Ɗari da Tamanin Ba Ka Karanta Ko Ɗaya Ba

Kai malamin ƙaramar sakandare da littattafan insha'i suka tsaya wa a wuya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin shugabar makaranta ta zagayo dubawa ka gama da aji uku, sunanka na malami mai ƙwazo ko ƙwarzane bai yi ba. Wajen gwanin ofishinmu na koyo, wanda yara suka laƙaba wa Jan Biro.

1. Ƙawata allo
Rubuta manufar darasi a sama, ka ja mata layi biyu: "A ƙarshe ɗalibi zai iya bayyana abin da ke ransa." Wane ɗalibi, wane rai, wannan ba huruminka ba ne. Ta taga shugaba ke leƙowa, saman allo kawai take hange.

2. Ba da take mai faɗi
"Ranar da ba zan manta ba." In wata ta ce, "Malam, kowace irin rana?" ka ce, "Kowace iri, a dai cika shafi biyu."

3. Auna, kada ka karanta
Shafi biyu, takwas bisa goma. Ɗaya da rabi, shida. In zuciyarka ta dame ka, leƙa layin farko. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

4. Sa albarka
Zagaye kalma uku ido rufe, sannan ka yi wa kowa jimla ɗaya a ƙasa. Da yake yawancinsu biki ko tafiya suke rubutawa, ta Jan Biro ita ce: "Madalla! Allah ya maimaita mana."

5. In uwa ta zo ofis
Miƙe ka ba ta kujera. Haka Jan Biro ya yi ranar da uwar wata ɗalibarsa ta zo, har da goge ƙura. Matar ta buɗe littafin 'yarta ta ajiye a gabansa.

"Malam, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Hajiya. Yarinyar akwai ƙoƙari."

"Labarin ranar da aka fita da gawar babanta ta rubuta. Tun rasuwar ba ta yi wa kowa zancen ba, ko ni. Ta ce malaminta za ta gaya wa."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi. A nan ba ni da shawara, don ni kaina kunya ce ta kai ni bayan kabad.

Hattara
Duk abin da ya biyo baya, ba ni ba kai, ban san ka ba. Shi kansa Jan Biro ya bar tafiyar. Yanzu layi-layi yake bi da yatsa, shayinsa na hucewa, aji ɗaya sai ya ci masa mako uku. Yarinyar kuwa tana kawo aikinta a kan lokaci, rubutu tsaf, amma ba ta sake gaya masa komai ba.